Kafin a jona tsohuwar kwamfuta da wuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Makka da Madina a kan tsofaffin kwamfutocin nan da ke jibge a ɗakunan saman bene da ƙarƙashin gadaje, da waɗanda ake tsinta da arha a kasuwannin kayan gwanjo, wato Harajin Sawarikh na Jidda ko Harajin Bin Ƙasim na Riyad. Gyaran kwamfuta ne sana'armu. Muna nufin injinan 286 da 386 da 486, da Pentium tun daga na farko har na huɗu, da kuma kwamfutar Sakhr da yaran shekarun 1980 suka taso da ita a ƙasar nan. Wani takardun mahaifinsa yake nema a ciki, wani lissafin shago, wani kuwa sha'awa ce kawai.

Maganarmu guda ce. Da yawa daga cikin injinan nan suna kwance lafiya shekara ashirin ko talatin, sai su mutu a daƙiƙar farko da aka jona su da wuta don "a ga ko tana aiki". Kunnawa ita ce aiki na ƙarshe, kuma akwai abubuwan da ake dubawa kafin a kai gare ta.

A fara da soket ɗin bango, domin nan ƙasar tana da nata tarkon. Tsofaffin gidajen Saudiyya an yi musu waya da wuta iri biyu, bolt 127 da bolt 220, wani lokaci a ɗaki ɗaya, kuma ba kullum fuskar soket ke nuna bambancin ba. Tun 2010 hukuma ta yanke shawarar komawa bolt 230 sannu a hankali, to amma injin da aka ajiye tun kafin nan yana nan a saitinsa na da. A bayan akwatin wutar kwamfuta, wanda ake kira fawa saflai, akwai ɗan jan makunni mai rubutun 115 da 230. Idan yana kan 115, akwatin yana ninka wutar da ta shigo ne. A ba shi 220 a wannan hali, manyan kafasita (masu tara wuta) biyu da ke ciki, waɗanda galibi an yi su don bolt 200 kowanne, sai kowanne ya sha sama da 300. Ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi. Idan kuwa yana kan 230 aka ba shi 127, yawanci ƙin tashi kawai zai yi, mutum ya ɗauka ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Saboda haka a auna soket da mita, a karanta takardar da ke manne a jikin akwatin, sannan a daidaita makunnin. Wasu injinan da aka yi don kasuwar Amurka ba su da makunnin sam, 120 kaɗai suka sani, sai an haɗa su da taransifoma. A yi wa monita irin wannan dubawar daban, don ita ma da tata takardar.

Daga nan a cire duk wayoyin akwatin wutar daga madabod, wato babban allon kwamfuta, da faifai, a gwada shi shi kaɗai. Tsohon akwati ba ya son tashi babu kaya a kansa, don haka a rataya masa mataccen faifan ajiya wanda ba a damu da shi ba. Irin na AT, mai filogi biyu P8 da P9, makunninsa kai tsaye yake. Irin na ATX mai ƙafa 20 kuwa sai an haɗa koriyar waya da baƙa kafin ya tashi. Jar waya ta ba da tsakanin bolt 4.75 da 5.25, rawaya tsakanin 11.4 da 12.6. Abin da ya fita daga nan, kada a kai shi kusa da madabod. Dabara mai sauƙi ita ce a saka ƙwan fitila irin na da, mai zare, wat 60 zuwa 100, a jere a kan wayar da ke kawo wuta daga bango. In ƙwan ya haska ya dushe, da sauƙi. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ta haɗe a ciki, kuma ƙwan ne ya shanye ta maimakon injin.

Wajen mayar da P8 da P9, baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Filogin suna shiga a juye in an matsa musu, kuma madabod ba ta yafe wannan kuskuren. Haka nan wasu injinan Dell na ƙarshen shekarun 1990 suna da filogi mai kamar ATX sak, amma jerin wayoyinsa daban ne, don haka ba a musanya musu akwati da ido. Wanda zai saka sabon akwati a tsohon inji ya sani cewa na yanzu sun daina ba da bolt 5 na ƙasa da sifili, wato farar waya, kuma wasu katunan sauti na ramin ISA suna buƙatarsa.

Ga mai buɗe akwatin wutar: manyan kafasitan nan suna riƙe wuta bayan an zare filogi, a auna su kafin hannu ya shiga. A nemi wani ɗan kafasita mai kusurwa huɗu, mai jiki kamar daskararren ƙaro, kusa da inda wuta ke shigowa, sau da yawa da sunan RIFA a kai. Jikinsa yana tsattsagewa da shekaru, takardar da ke ciki ta sha danshi, kuma danshin Jidda ba sai an ba kowa labari ba. Yana fashewa da hayaƙi mai wari ko da sauran injin lafiya. A cire shi tun bai yi ba, a saka sabo mai alamar X2, bolt 275 ko sama, mai adadi ɗaya da na tsohon.

Yanzu ga babban maƙiyi, batirin agogo. Da yawa daga cikin madabod ɗin 286 da 386 da 486 suna da wani batir kamar ƙaramar ganga, shuɗi ko kore, bolt 3.6, an liƙe shi da dalma kusa da inda ake jona kibod. Idan ya tsufa yana zubar da ruwa mai kaifi irin na toka, ruwan ya bi siraran hanyoyin jan ƙarfe da ke kan allon yana ci, ya shiga ƙarƙashin soket, ya hau ƙafafun aisi, wato ƙananan baƙaƙen tubalan lantarki da ke kan allon. Alamarsa farin gari ko tsatsa mai launin kore-shuɗi. Zafin ɗakin saman bene a watannin bazara yana gaggauta wannan ɓarna ƙwarai. Duk wanda ke da irin wannan inji, ko ba shi da niyyar gyara shi bana, ya buɗe yau ya datse ƙafafun batirin da filaya ya jefar. Wannan aikin minti biyar ne, kuma ya fi duk sauran abin da za mu faɗa amfani.

In ya riga ya zuba, ga yadda ake wankewa. A zare duk aisin da ke kan soket a yankin, a ɗauki hoto tukuna don a san inda kowanne yake fuskanta. A zuba farin ruwan khal na girki a wurin, a goga da tsohon burushin haƙori. Za a ga yana kumfa, alamar tsamin yana kashe kaifin. A ci gaba har kumfar ta daina, minti biyar zuwa goma, kada a bar shi ya kwana domin shi ma khal ɗin yana cin ƙarfe. A ɗauraye da tataccen ruwa sosai. A nan a yi hattara: shagunan kayan mota suna sayar da tataccen ruwa da kuma ruwan asid, duka biyun kuma ana ce musu ruwan batir. Na farkon ake so. A bi da sifirit na aisofrofil mai kashi 99 don ya kori ruwan da ya maƙale, a jingine allon gaban fanka a ɗaki mai na'urar sanyaya iska kwana biyu. Kada a shanya shi a rana a kan bene.

Bayan ya bushe sai aikin haƙuri. A sa mita a inda take ƙara in waya ta haɗu, a bi kowace hanya da ta yi baƙi daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wadda ta yanke, a ɗinke ta da siririyar waya mai lamba 30. A duba ƙananan ramukan da ke ratsa allon daga sama zuwa ƙasa, don can ruwan ya fi ɓuya. Tunda batirin maƙwabcin kibod ne, injin da ke tashi amma ya ƙi jin kibod, a nan za a fara nema, tare da ɗan fis ɗin da ke wurin.

Kada a liƙa batirin CR2032 kai tsaye a gurbin gangar. Allon yana cajin tsohon batirin, shi kuwa CR2032 ba a cajinsa, zai kumbura ko ya fashe. Ko dai a saka dayod a tsakani don wuta ta fita kawai ba ta koma ba, ko kuma, abin da muka fi so, a nemi ƙafafu huɗu na batirin waje da yawancin allunan ke da su, a jona ƙananan batura uku na AA a cikin gidansu, a ajiye su nesa da allon. Wasu injinan ba su da ganga, sai wani baƙin tubali mai sunan Dallas, DS1287 ko DS12887, wanda batirinsa ke binne a ciki. Wannan ba ya zuba, amma in ya ƙare injin yana manta saitinsa duk lokacin da aka kashe, wani ma ya ƙi wuce shafin farko. Ana iya kankare gefensa a ƙafa ta 16 da ta 20, a yanke batirin ciki a jona na waje, ko a cire shi a saka soket da sabo. "Sabo" da ya shekara ashirin a shago shi ma mataccen ne, a duba shekarar da ke jikinsa.

Kafasita iri biyu ke ba da wahala a kan madabod. A injinan IBM na farko, na 1981 da XT na 1983, da 'yan zamaninsu, akwai ƙananan masu kamar ƙwayar wake, rawaya ko shuɗi, na tantalam. In sun mutu haɗe wuta suke yi. Alamar ita ce fanka ta motsa sau ɗaya ta tsaya. Da wuta a kashe, a auna tsakanin layin bolt 12 da ƙasa, wato baƙar waya. In mita ta nuna kusan sifili, ɗayansu ne, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Iri na biyu su ne dogaye masu kamar gwangwani a kewayen furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, musamman a allunan da aka yi daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000, lokacin da aka cika kasuwa da marasa inganci. Kansu yana kumbura ko ya fitar da ƙasa-ƙasan datti, injin ya riƙa sandarewa ko sake tashi da kansa. A ƙa'ida, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar irin wannan kafasita, to a lissafa da yanayin Makka. A canza su da masu adadin maikrofarad ɗaya, bolt ɗaya ko sama kaɗan, masu jure digiri 105, irin waɗanda aka yi don madabod. A shagunan kayan lantarki na nan, mukassif za a ce a ba da. A canza duk 'yan layi ɗaya tare, har waɗanda ba su kumbura ba. Allunan Pentium 4 masu hawa da yawa ne, suna shanye zafi, ƙaramin ayan liƙi mai wat 25 ba zai narkar da komai ba sai ɓata rami. A nemi mai wat 60, a ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwa kafin a ja. A kula da fuska: zanen da ke jikin mai gwangwani ƙafar ragi yake nunawa, na jikin tantalam kuwa ƙafar ƙari, kuma ba duk kamfanoni ke yi wa allo alama iri ɗaya ba. Hoton da aka ɗauka tun farko shi ne shaida.

Sai yanzu za a kunna, kuma da kaya kaɗan: madabod, furosesa, RAM (ma'ajiyar wucin gadi), katin hoto, da ƙaramar lasifikar cikin akwati. Lasifikar nan ita ce bakin injin. A BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin, na kamfanin Award, ƙara doguwa ɗaya da gajeru biyu katin hoto ne, doguwa mai maimaituwa kuma RAM. A na AMI, gajeru ɗaya zuwa uku RAM ne, takwas katin hoto. Injinan IBM lamba suke rubutawa: 161 da 163 batir da agogo, 201 RAM, 301 kibod, 601 fulofi (ɗan faifan da ake zarewa), 1701 faifan ajiya. Shiru gaba ɗaya yana nufin furosesa bai fara aiki ba, sai a koma kan wuta da hanyoyin da batir ya ci. Sau da yawa maganin bai wuce a zare RAM da katuna a goge haƙoransu da sifirit, a danna kowane aisi a soket ɗinsa, tunda zafi da sanyi na shekaru suna turo su waje. RAM mai haƙori 30 huɗu-huɗu ake saka shi a 386DX da 486, mai 72 kuwa ɗaya ya isa a 486 amma bibbiyu a Pentium. Kibod mai babban filogi mai ƙafa biyar iri biyu ne, na XT da na AT, ba sa jin yaren juna, wasu suna da makunni a ƙasa.

Faifan ajiya ba a haɗa shi da wannan gwajin ba da gangan. Injin ana samun wani, abin da ke cikin faifan ba a sayar da shi a haraji. Tsohon faifai yana iya tashi sau ɗaya ko biyu ya tafi ke nan, saboda haka tashin farko na kwafi ne. Ƙananan na'urorin USB da ake jona faifan IDE da su ba sa gane faifan da ya tsufa sosai, na megabait 40 ko 200. Ya fi a jona shi da injin Pentium II ko III mai lafiya, a kwafe faifan gaba ɗaya da manhaja irin ddrescue, wadda ke tsallake wurin da ya lalace ta dawo masa daga baya. Kada a yi masa SCANDISK ko DEFRAG kafin kwafi. In yana ƙwanƙwasa a kai a kai, a kashe, kowace ƙwanƙwasa ƙarin rauni ce. Faifan zamanin XT mai kebul biyu, irin ST-225 mai megabait 20, ba a raba shi da katinsa, domin katin da ya tsara shi ne ke iya karanta shi.

Idan batir ya mutu, BIOS ya manta siffar faifan. A 386 da farkon 486 da hannu ake shigar da lambobi uku, silinda da kai da sashe, galibi a nau'i na 47, kuma suna rubuce a jikin faifan. In an shigar da wasu daban da waɗanda aka tsara shi da su, injin zai ce babu komai alhali komai na nan. A wannan gaɓar mutane ke rugawa ga FDISK, umarnin da ke sake raba faifai, su gama da kansu. BIOS na kafin 1994 ba ya ganin sama da megabait 504, shi ya sa aka riƙa saka wata manhaja a farkon faifai don ta tsallake iyakar, kuma umarnin FDISK /MBR yana share ta. Don amfanin yau da kullum, a ajiye tsohon faifan a saka katin ajiya na CF da adaftarsa ta IDE. A tsohon BIOS a ba shi silinda 1024 da kai 16 da sashe 63. Tsohon DOS (6.22 da na kafinsa), wato manhajar da ke sarrafa injin, ba ya ɗaukar yanki sama da gigabait 2, don haka babban kati asara ce.

Wani abu da ya shafe mu musamman: takardun Larabci da aka rubuta a DOS ko Windows 95 da 98 sukan buɗe a sabuwar kwamfuta kamar tsutsotsi. Ba su lalace ba. A buɗe su a zaɓi tsarin haruffa na Windows-1256, in na DOS ne a gwada 720 ko 864. Takardun Hausa kuma, da yawa an buga ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu da wasu haruffa na musamman da aka girka a injin, don haka a kwafi jakar FONTS da ke cikin WINDOWS tare da takardun, in ba haka ba ƙugiyoyin za su koma wasu alamomi.

Fulofi ba ya buƙatar dogon bayani. Jan layin kebul yana bin ƙafa ta ɗaya, in an juya shi fitilar na'urar za ta tsaya a kunne ba ta mutuwa, kuma tana iya ɓata faifan da ke ciki. A zame murfin ƙarfen faifan a duba, in akwai tabon fumfuna kada a saka shi, zai shafa wa kan na'urar ya kuma karce na gaba. A goge kan da auduga da sifirit, a buɗe ramin kariya na kusurwa kafin a karanta kowane faifai mai muhimmanci.

Monita mai kwalba kuwa, shawararmu a bar cikinta ga masu gyaran talabijin. Mai launi tana aiki da wajen bolt 25,000, kuma tana riƙe shi bayan an kashe. Katin VGA mai rami 15 yana aiki da sikirin na yanzu da ke da irin wannan mashiga. Na CGA da EGA mai rami 9 ba ya yi sai da na'urar juyawa, kuma kada a jona tsohuwar monita mai launi ɗaya da katin da ba nata ba, tana ƙonewa.

Sakhr, wadda kamfanin Al-Alamiya na Kuwait ya yaɗa a kan tsarin MSX mai furosesa Z80, ta fi duk waɗannan sauƙin kai, musamman AX-170 da ta cika gidaje. Ciwonta bai cika wuce ƙura a ramin katirij, da maɓallan da suka daina taɓawa, da tsufan kafasitan ɓangaren wuta ba. A auna bolt 5 ɗinta kafin a bar ta a kunne, a goge haƙoran katirij da sifirit maimakon hura musu iska da baki, kuma kada a saka ko a zare katirij tana kunne. A yi amfani da mafitar bidiyo maimakon ta eriya, in sabuwar talabijin ta ƙi nuna hoto a gwada tsohuwa kafin a zargi injin. Kaset ɗinta kuma a naɗe sautinsu a kwamfuta tun tef ɗin bai manne ba.

Masu niyyar tafiya da irin waɗannan injina Kano ko Damagaram, su mayar da jan makunnin kan 230 tun a nan su manne shi da salatif. Bambancin 60 na nan da 50 na gida wajen bugun wuta ba ya damun akwatin kwamfuta, amma ƙananan adafta masu nauyi da aka rubuta musu 60 kaɗai suna yin zafi a can, gara a canza su. A zare faifan ajiya a naɗe shi a jakar hannu, a cire manyan katuna daga ramukansu, kada a bar su cikin akwatin da za a jefa a kago.

Wassalam.

Wasu masu gyaran kwamfuta,
Jidda, Saudiyya.